Gero a Layin Taga

Ni mutum ne mai duka. Ba zan ɓoye ba, tunda duk wanda ya zauna da ni a Bodinga ya sani, waɗanda na koyar a Shagari kuwa wasunsu har yau in sun hango ni sai su gyara tsayuwa, alhali sun tara gemu. Rediyo in ta ɗauke magana, mari take sha. Babur in ya ƙi tashi, sai na shure shi tukuna kafin in duba ko akwai mai a tanki. Abin da ya ƙara lalata ni shi ne, sau da yawa dukan yana aiki. Rediyon takan dawo. Yaron da ya manta lissafi yakan tuna. Sai na ɗauka haka aka gina duniya: abu ya ƙi, a buga shi, ya yi.

Mutum ɗaya ce ban taɓa ɗaga wa hannu ba, 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka bakina ba ya iya kiran sunan, Uwata nake ce mata. Ina alfahari da wannan ƙwarai, har nakan faɗa a majalisa cewa ko hararar kirki ban taɓa yi mata ba. Abin da zan ba da labari a nan na yatsanta ne, manuniyar hannun dama, da kwanakin da muka yi muna jiran mu ga ko zai rayu ko za a yanke shi. Shekararta tara a lokacin.

Da na gyara ɗakina, na cire tsohuwar tagar katako na sa ta alminiyam mai shuɗin gilashi, irin wadda ake turawa gefe, domin ita kowane ma'aikaci yake sawa. Shekarar farko da yatsa ɗaya nake tura ta. Baƙo in ya zo har nuna masa nake yi, kamar ni na ƙera ta. Daga baya ta fara nauyi, ta fara ƙara, ta fara tsayawa a tsakiyar hanya. Mai ɗakina 'yar Dingyadi ce, gidan manoman albasa, a wurinsu kuwa duk abin da ya yi ƙara mai yake nema. Ta ɗauko man gyaɗa a ludayi ta tsiyaya a layin da tagar ke gudu a kai. Kwana biyu ta yi santsi. A na uku kiyashi suka yi gayya, yashi ya bi man ya manne, tagar ta fi da tauri.

Na yi mata dariya son raina, na ce ta mai da tagata kaskon ƙosai. Sannan ni mai ilimi na kawo nawa maganin: baƙin man da aka juye daga babur. Na zuba shi har yana ɗiga a bango. Cikin mako guda abin da ke layin nan ya koma kamar kwalta. Na ga yadda mai ɗakina ta kalli bangon, sannan ta kalle ni.

Daga nan sai duka. Nakan kafa ƙafa ɗaya a baya, in sa gindin tafin hannu a gefen tagar in buga. Kowane bugu tana matsawa kamar faɗin yatsu uku. Bugu shida ta rufe, bugu shida ta buɗe, safe da yamma. Mariƙinta ya karye, na ci gaba. Gindin hannuna ya yi kanta. Maƙwabta suka daina tambayar ko lafiya, in sun ji ƙarar sai su ce Malam ya tashi. Ina bugu ina zagi, na zagi wanda ya ƙera ta, na zagi wanda ya sayar, na zagi wanda ya kafa. Ko sau ɗaya ban sunkuya na leƙa abin da ke cikin layin ba.

Uwata yarinya ce marar hayaniya. Tana da kyawun rubutu da ya fi na wasu malaman da na sani, tana kuma son tsuntsaye, sai ta yi rabin yini tana kallon gwara suna tsalle a tsakar gida. In na fara dambe da taga takan tsaya bakin ƙofa, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane bugu. Wata rana ta ce, "Baba, ka yi mata sannu mana." Na ce, "Uwata, wagga ba ta jin sannu." Na ƙara mata biyu masu kyau don in ba yarinyar dariya. Ba ta yi dariyar ba.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce, bayan La'asar. Na dawo daga Shagari da zuciya a wuya. Ajin ƙarshe gaba ɗaya na zane saboda surutu, har kafaɗata tana zafi, a hanya kuma wata babbar mota ta kusa jefa ni cikin gonar gero, na bi ta da ashar har ta ɓace. Na shigo na zube takardun jarrabawar yara a kan teburin da ke ƙarƙashin tagar. Ban gama cire takalmi ba hadari ya taso daga gabas. Iska ta kaɗa labule, takardu suka fara tashi, manyan ɗigon ruwa suka fara sauka a kansu. Tagar a buɗe take, labulen ya rufe wajen da yake buɗen.

Na san bugu shida nake bukata, ruwa kuma ba zai jira shida ba. Saboda haka na haɗa hannu biyu, na ja da baya, na tattara fushin ajin nan da na motar nan, na auka mata da dukan jikina.

Ta gudu. Tagar da ta shekara tana matsawa da ƙyar ta tafi fuu har ƙarshe a bugu ɗaya, ni kaina sai da na faɗa kan tebur. Amma ƙarar da na ji a ƙarshen ba ta ƙarfe da ƙarfe ba ce. Wani ɗan sauti ne mai taushi, irin na karan dawa ɗanye in an taka shi. Sai ihun Uwata.

Na fizge labulen har ƙusarsa ta fita. Ga fuskarta a bayan shuɗin gilashi, baki buɗe, ga yatsanta a matse tsakanin tagar da ƙarfen bango. Na ja tagar baya, ta dawo da sauƙi kamar sabuwa, ban kuma tsaya tunanin dalili ba. Na ji faɗuwar Uwata a waje. Kafin in zagaya waje uwarta ta riga ni. Yarinyar tana ƙasa kusa da turmin da ta kifa ta hau, tana shure-shure cikin ruwa. Gaɓar ƙarshe ta yatsan tana reto, fata kaɗan ce ta riƙe ta. Farce babu. Na ga farin ƙashi, sannan jini ya rufe shi, ruwan sama yana wankewa yana sake fitowa.

Uwarta ta cire ɗankwali ta naɗe hannun, tana ihu a fuskata: "Ka kashe man ɗiya! Ka huta! Yau dai ka huta!" Na miƙa hannu zan ɗauki yarinyar, ta doke hannun. Ita ta ɗauke ta, ta hau bayan babur da ita a tsakaninmu. Babur ɗin ya tashi a bugun farko, Allah ya taimake shi. Na yi gudu cikin ruwan nan ban ganin gabana sosai, ina jin ɗumi yana bin bayan rigata, na kuma san ba ruwan sama ba ne.

A asibiti wani ma'aikacin lafiya mai furfura ya karɓe mu. Da ya kwance ɗankwalin sai ya ja tsaki a hankali. Ya yi mata allura a gindin yatsan, amma tsoro ya riga ya gama da ita, tana fizge-fizge, sai ya ce in riƙe ta. Ƙarfin nan nawa da nake taƙama da shi, ranar da shi na danne 'yata a kan gado, gwiwa a cinyarta, hannu a ƙirjinta, ana wanke naman ana ɗinkewa. Ta cije ni a damtse har haƙoranta suka shiga. Ban janye ba, na ma so ta ƙara.

Yana ɗinki ya tambaya, "Mi yas same ta?"

Na ce, "Taga ta."

Mai ɗakina daga bakin ƙofa ta ce, "Ba taga ba ta. Shi na."

Mutumin bai ɗago ba. Da ya gama ya ce ƙashin ya murƙushe, ya dai mayar ya ɗinke. In jini ya ci gaba da kaiwa can ƙarshe, yatsan zai rayu ko da ya karkace. In ya yi baƙi, dole a cire daga gaɓa don kada ya ci sauran. Ya ce mu riƙa kawo ta wanki, nan da mako za a gane.

Washegari da safe na shiga ɗakin na ga tagar a rufe, lafiyarta lau, ga jini ya bushe a gefenta. Idona ya rufe. Na fita na ɗauko taɓarya. Bugun farko gilashin ya tsage, na biyu ya zube, na uku na sami ƙarfen ya lanƙwashe, wani tsinin gilashi ya yanke ni daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Ban ji ba. Na ɗaga zan yi na huɗu sai aka riƙe taɓaryar ta baya.

Mai ɗakina ce. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Ta murɗe ta daga hannuna ta jefar a tsakar gida. Ta ce, "Buga! Dut abin da kag gani buga shi! Taga tana da hannu? Ita taj ja kanta? Tahi ka ga inda ɗiyarka take." Na leƙa ɗakinsu. Uwata ta shige ƙarƙashin gado da hannunta mai bandeji, ta toshe kunne ɗaya da kafaɗa, ɗaya da hannun hagu. Na durƙusa na kira ta. Ta ƙara matsawa jikin bango. Na zauna a ƙasa jinina yana ɗiga a leda, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Yanzu ga rami a bango tsakiyar damina. Na toshe da buhun taki, sauro suka mai da ɗakin kasuwa. Wanki na farko aka ce yatsan yana nan dai. Na biyu ma'aikacin ya daɗe yana kallo, ya matsa ƙarshen, ya tambaye ta ko ta ji, ta girgiza kai. Ya ce, "Mu ƙara mashi kwana biyu." Na koma makaranta ina shiga aji ina fita kamar wanda aka aiko.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijo a Shagari mai aikin alminiyam. Na kai masa awon gilashin, rana ta biyar na ɗauko shi a babur, kayan aikinsa a tsohon buhun shinkafa, sabon gilashin a tsakanin kwalaye ya rungume. Ɗan ƙaramin mutum ne, komai nasa a hankali, gaisuwa ma sai da ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi ɓarnar, ya dubi ɗaurin da ke hannuna, bai tambaya ba.

Ya tsince ragowar gilashin. Sannan ya kama tagar da hannu biyu, ya ɗan ɗaga ta sama, ya jawo gindinta wajensa. Ta fito. Haka kawai, ko nishi bai yi ba. Abin da na shekara ina duka ashe ɗagawa ake yi a cire. Ya kifa ta a tabarma ya nuna mini wasu 'yan tayu biyu a ƙarƙashinta, ban ma san akwai su ba. Ɗaya ta cinye ta gefe guda, ɗaya ta tsage.

Ya ce, "Malam, wa yaz zuba ma wagga mai?"

Na ce mu biyu ne, ni da mai ɗakina.

Ya ce, "Allah shi kyauta. Ita ba ta son mai ko kaɗan. Mai shi ka kiran ƙasa. Shara ɗai taka so, sai ɗan kyandir in an goga."

Ya sa bakin sukudireba a layin ya fara kankarowa. Baƙin abu yana fitowa dunƙule-dunƙule, yashi, matattun kiyashi. Ya murza wani dunƙule a yatsunsa ya kai kusa da ido. "Gero na," in ji shi. Ya nuna mini. Ƙwayoyin gero ne da yawa, sun sha ruwa sun kumbura, wasu har sun fid da farin tsiro. Sun toshe 'yan ramukan da ruwa ke bi ya fita. Na ce ban san yadda gero ya hau taga ba. Ya ce shi ma bai sani ba.

Yana matsawa gaba sai ya tsaya. Daga tsakiyar layin zuwa ƙarshen da tagar ke rufewa babu dattin. An kankare shi tas, alminiyam ɗin yana ƙyalli, sai ɗan abin da ya rage a lungu, inda jinin yake. A lungun ya zaro karyayyun tsinken tsintsiya guda uku.

Ya ce, "Wa yah hwara aikin ga? Ya kusa ƙarewa ma. Kuma mai ƙaramin hannu na, babban yatsa ba shi shiga nan."

Na tuna yadda tagar ta gudu a bugu ɗaya, na tuna turmin da aka kifa. Dattijon ya dube ni, ya dubi jinin, ya koma kan aikinsa. Ya wanke layin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya goge ya bushe, ya miƙe ƙarfen da na lanƙwasa da 'yar guduma, bugu ƙanana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Ya sa sababbin tayu da gilashi, ya goga kyandir, ya mayar da ita. Ya tura ta da ɗan ƙaramin yatsansa ta tafi ba ƙara. Ya ce in gwada. Na ce na gani, ya isa.

Da na dawo daga mayar da shi, na sami Uwata zaune a inuwar zaure. Na zauna nesa kaɗan, na ɓoye hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Na ce, "Uwata, ke kika share layin taga?"

Ta dubi ƙofa, kamar mai auna nisanta. Sannan ta ce e.

"Don mi?"

Sai hawaye. Ta ce ita ce take zuba wa gwara gero a bakin tagar, don can ne kaji ba sa kaiwa. Tun bara take yi in na tafi makaranta. Wata rana ta hau turmi ta ga geron ya cika layin, ta gane ita ta ɓata tagar. Kwana uku tana kankarewa da tsinke, inda tsinke ya kasa ta sa yatsa. Da ta ji na shigo ranar hadarin, saura kaɗan ta gama, sai ta ce bari ta ƙarasa da sauri.

Na ce, "To mi yah hana ki gaya man?"

Ta ce, "Na ga yadda kaka bugun ta, Baba. Nac ce in ka gane ni ta, ni za ka buga."

Na buɗe baki zan ce ai ban taɓa dukanta ba. Sai na fasa. Shekara tara ina ganin na keɓe ta daga abin da nake yi wa kowa da komai, ashe ita tana tsaye bakin ƙofa tana jiran ranar da layi zai zo kanta. Na yi kuka a gabanta, abin da ko a jana'izar mahaifina ban yi ba. Ta zuba mini ido kawai, ba ta matso ba.

Bayan kwana biyu aka kwance bandejin. Tun kafin ya gama warwarewa wari ya gaya mana. Ƙarshen yatsan ya yi baƙi ƙirin, ya motse. Ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Malam, sai haƙuri." Wannan karon uwarta ce ta riƙe ta, yarinyar da kanta ta ce Inna take so. Ni ina waje jikin bango, ina jin komai ta tagar ɗakin, har ƙarar abin da aka jefa a kwanon ƙarfe.

Ba zan ce na zama waliyyi ba. Na ajiye bulala a makaranta, wannan gaskiya ne, abokan aiki har suna tsokanata wai an yi mini asiri. Amma babur ya ƙara shan shuri sau biyu ko uku kafin in sayar da shi, kuma har gobe in abu ya ƙi, ina jin zafin yana taruwa a gindin hannuna. Duk Juma'a nakan share layin tagar da buroshi in goga kyandir. Na kafa wa gwara faranti a kan katanga. Uwata ta koyi riƙe biro da yatsan tsakiya, rubutun bai koma kamar da ba. Ba ta sake taɓa tagar nan ba, ko zafi zai kashe ta sai dai ta kira wani ya buɗe.

Kamar wata guda bayan an cire zaren, na shigo na same ta tana sallar Azahar a kan 'yar dardumarta. Na tsaya daga baya. Da ta zauna tahiya ta ɗora hannu a cinya, ta dunƙule sauran yatsun yadda ni da kaina na koya mata, ta ɗaga manuniyar. Guntun ya tashi, ja, mai sheƙi, bai kai tsawon ɗan ƙaramin yatsanta ba. Ta yi sallama ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo ta gan ni.

Ta ce, "Baba, in na ɗaga wanga guntun, sallata ta yi? Ko in riƙa ɗaga na kusa da shi?"

Na ce, "Ta yi, Uwata. Shi za ki ɗagawa."

Ta ce to, ta naɗe dardumar ta fita. Ta bi ta gefen da ya fi nisa da ni.